Yadda Mushe Normalma Ya Zama Attajirin Arewa

In ana ƙidayar ni'imomin da Allah ya yi wa Dogon Dutsi, wasu za su fara da dutsen kansa, wasu da wake da gyaɗa. Duk ba su san gari ba. Wanda ya san gari zai fara ne da Mushe Jalaluddeen, wato Malam Jalaluddeen da bakin Faransa, mashawarcin haraji, likitan lanho (shi ne dai harajin), fitilar 'yan kasuwa daga Dutsi har Tibiri, mutumin da ya san cikin dokar kuɗi fiye da waɗanda suka zauna suka rubuta ta. Ba ni na faɗa ba. Shi ya faɗa, kuma wa ya kai mutum sanin kansa?

Ilimin nan ba a ƙasa ya tsince shi ba. Sai da ya je har Yamai wani taron bita na 'yan kwanaki, ya ci abincin otal, ya kwana cikin sanyin na'ura. Ya dawo da jaka mai tambari, da takardar shaidar cewa an gan shi a wurin, da wata kalmar Faransanci da ta zauna masa a kunci kamar goro: normalma, wato bisa ƙa'ida. In ka gaishe shi, normalma yana lafiya. In ka tambaye shi lokaci, normalma azahar ta yi. Ran da aka yi masa haihuwa an ji shi yana gaya wa liman cewa normalma namiji ne. Mutanen Dutsi ba sa cin alheri su hana tukuici, sai suka raɗa masa Mushe Normalma. Da sunan ya zo kunnensa, ya ɗauka muƙami ne.

Ya kama shago kusa da tasha, tsakanin mai facin taya da mai shayi. Allon da ya kafa ya fi ƙofar faɗi: Kabine Jalaluddeen da Abokan Aiki. Abokan aikin ba wanda ya taɓa ganinsu, watakila suna Yamai. Ciki akwai tebur, da kujera mai juyawa, da benci na talakawa. A kan teburin kuma ga ordinatar, wato kwamfuta, lulluɓe da ƙyalle mai geza, ba a buɗe ta sai an cika benci. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, za ka same shi cikin kwat da karabat ɗaure a maƙogwaro, gumi na bin wuyansa yana shigewa inda ba a gani. Girma ba ya zuwa kyauta.

Zamani ya taimake shi. An shigo da tsarin bayyana ciniki ta intanet, an ba kowane babban ɗan kasuwa lambar haraji da lambar sirri. Mutanen da ke iya ƙiyasta buhun wake da ido, su faɗi nauyin sa tun yana tafe, suka tsaya gaban allon na'ura kamar baƙauye a bakin kogi. Suka kwaso tambayoyinsu suka nufi benci.

Ɗantala, wani falken shanu mai saukin kai, ya zo da tasa. Saniya ce ta faɗi ta mutu a hanyar kasuwa, shi ne yake son ya ji ko ita ma sai an biya mata.

Mushe ya juya da kujera sau ɗaya, ya haɗa yatsu, ya dubi rufi.

"Tambayarka mai zurfi ce, duk da ba ka san haka ba. Normalma, dole mu raba saniya gida biyu. Akwai saniya a matsayinta na dabba, akwai saniya a matsayinta na aktif. Dabbar ta mutu, Allah ya mayar da alheri. Amma aktif ɗin, wa ya ce maka ya mutu? Ka ga gawarsa? Wannan sai an yi nazari."

Ɗantala ya biya kuɗin shawara ya fita. Da ya shigo ya san saniyarsa ta mutu. Da ya fita ba shi da tabbas.

Haka aka yi da Alhaji Shu'aibu mai kayan babur, da masu siminti, da masu shinkafa. Kowa ya shigo da tambaya ɗaya, ya fita da uku, yana godiya. Ai in magana ta fi ƙarfin kanka, to malamin ya ƙware.

Mutum ɗaya ce ba ta san darajar abin da Allah ya kawo wa garin ba: Hajiya Hasiya ta Dumega, mai sarin wake. Ƙawar mahaifiyarsa ce, ta san shi tun yana yawo da riga ba wando. Duk duniya na cewa Mushe, ita Jalalu take cewa, kuma da ƙarfi, tun daga bakin titi.

"Jalalu, ni ba dogon zance nika so ba. Takardar shaidar lanho nika so. In babu ta, ba su ba ni kwangilar kantin. Wake na nan na cika sito, na amso ga matan Dumega da alkawali. In kwangilar ga ta kuɓuce, ƙwari ne za su ci riba."

Kwangilar kantin nan ta ciyar da 'yan lekol ce, wato 'yan makaranta, ta shekara guda, kuma Hajiya ta zuba ƙarfinta duka a kai. Mushe ya yi murmushin da likita ke yi wa mai ciwon kai.

"Hajiya, ki ɗauka takardar nan tana cikin jakarki. Normalma, ni in na danna, Yamai ce ke amsawa."

Don ya nuna musu da wa suke hulɗa, ya sa kowa ya kawo 'yar takardar da aka rubuta masa lambar sirri. Ya karanta kowace sau ɗaya, ya lumshe ido, ya yayyaga ta a gaban mai ita.

"Takarda ɓata take yi, ɓarawo ya tsinta. Nan kuwa," ya ƙwanƙwasa goshinsa, "ko banki bai kai nan tsaro ba."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya shiga nan, ko shi mai wurin ba ya iya fito da shi.

Makon ƙarshe na wa'adi ya zo, benci ya cika har waje. Aka yaye ƙyalle. Mushe ya motsa yatsunsa kamar mai shirin kiɗan gurmi, ya shigar da lambar Hajiya, ya danna. Na'ura ta yi tunani, ta fito da jan rubutu: Erreur, wato kuskure. Ya gyara karabat ya sake. Erreur. Ya gwada ta Ɗantala, ya gwada ta Alhaji Shu'aibu. Na'urar ba ta da son kai, abin da ta ba talaka shi ta ba Alhaji.

"Rezo ne," in ji shi. "Jama'ar ƙasa duka sun hau layi lokaci guda. Na gaya musu a Yamai za a yi haka, ba su ji ba."

Washegari ya ce wutar lantarki ce ba ta da nauyi. Wanshekare ya ɗauki ordinatar ya hau benci da ita, ya ɗaga sama yana juyawa gabas da yamma kamar mai neman jinjirin wata. Daga nan ya sa ɗan kabu-kabu ya kai shi gindin eriyar waya ta bayan gari, ya zauna kan dutse da kwat ɗinsa, awaki na kallonsa. Erreur ɗin can da na cikin gari uwarsu ɗaya.

Ɗantala, saboda tausayi, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Mushe, anya ba iska ta shiga abin ga ba? In ka yarda mu tahi da ita Lugu wurin 'yan bori, akwai waɗanda sunka san hannunta."

Kai, ranar an sha wa'azi. Mushe ya miƙe tsaye, ya yi bayanin kimiyya da ci gaba, da yadda ƙasashe suka kai wata alhali mu muna nan muna ɗora wa doguwa laifin komai. Ya ce shi mutum ne na hujja da lissafi. Ɗantala ya ba da haƙuri. Bayan an watse, mai shayi ya ga ƙofar kabine a saye, hayaƙin turaren jiji na fitowa ta ƙasa, ana tofe-tofe daga ciki. Ya yi niyyar kawo ruwa, sai ya tuna kimiyya ce.

Na'urar dai ta gaji da ƙarya. Ta rufe asusun mutane ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta ƙarara cewa an yi ta shigar da lambar da ba ita ba, mai asusu ya je biron haraji, wato ofishinsu, a ba shi sabuwa. Biron nan tafiyar ƙafa ce daga tasha. Aikin kuma bai fi shan shayi ɗaya ba. Sai dai wanda ke zaune a teburin lambobin Zakariya ne, wanda yana aji biyu lokacin da Mushe ke aji shida, wanda Mushe ya sha aike sayen ƙosai. A ce yau Jalaluddeen na Yamai ya tsaya gaban Zakariya ya ce ya manta? Mai tambaya ba ya ɓata, haka ne, amma ana ganinsa yana tambaya. Wannan kuwa ya fi ɓata ciwo.

Ranar ƙarshe da hantsi, basira ta sauko masa. Akwai lamba ɗaya da bai manta ba, tasa, domin sunansa ne da muƙamansa a jere. Ya shigar, ƙofa ta buɗe. Ya dubi allon da ƙauna. Ashe na'urar ma ta san mutane.

Ya jawo takardun jama'a ya fara zubawa. Waken Hajiya ya shiga. Shanun Ɗantala suka bi, har da marigayiyar, tunda ba a gama nazari ba. Kayan babur, siminti, shinkafa, duk ya tara su cikin asusu ɗaya, ya haɗa jimla, ya danna. Koren rubutu ya fito: an karɓa. Ya buga takardar, ya kai aka yi fotokofi, ya raba wa kowa tasa kamar mai rabon zakka. Maganar biya kuwa, ya ce kowa ya jira, adadi zai fito daga sama.

Hajiya ta juya tata, ta miƙar da hannu nesa, ta matso da ita kusa.

"Jalalu, ban yi lekol ba, amma na san zanen sunana. Ina shi ke?"

"Hajiya, wannan sabon tsari ne, ana kiransa konsolidasiyo. In ƙaramin suna ya je Yamai, layi yake bi. In babban suna ya je, tashi ake yi a ba shi kujera. Na sa ku duka ƙarƙashin inuwata. Normalma, ya kamata a ƙara mini wani abu, amma ke uwa ce."

"To shaidar hwa?"

"Tana hanya."

Ta dube shi irin kallon da ake yi wa nonon da aka tsarma da ruwa, ta soke takardar a lalitarta ta tafi.

Bayan 'yan makonni waya ta shigo daga Doso. Wata mai binciken haraji, Madam Bushira, tana son ta zo ta gan shi da idonta, domin takardarsa ta ja hankalin manya. Mushe ya ajiye waya. Ya daɗe yana mamakin jinkirin da ƙasar nan ke yi wajen gane mutanenta. To ga shi an farka. Lambar yabo ce, ko kujera a Yamai, ko duka biyun.

Ya yi hayar rumfa da kujerun roba. Ya sa aka kawo kilishi da lemun kwalba cikin ƙanƙara. Ya aika wa duk masu hulɗa da shi cewa su zo su ga abin da suke da shi ba su sani ba. Ya ɗauko maroƙi, ya zaunar da shi ya koya masa faɗin "eksper", wato gwani, har sai da bakinsa ya faɗa.

Madam ta iso cikin ƙaramar mota, mace marar hayaniya, da tabarau da jaka. A bayanta Zakariya ne riƙe da fayil. Mushe ya ba shi yatsu biyu ya gaisa. Maroƙi ya buɗe maƙogwaro: ga bijimin lissafi, ga rijiya mai ba da ruwa, ga wanda na'ura ke gani ta durƙusa!

Madam ta leƙa cikin kabine, ta dubi tebur da benci, ta fito ta dubi bayan shagon, inda ba komai sai tsofaffin tayoyi. Ta zauna.

"Kai ne Mushe Jalaluddeen?"

"Normalma."

"Na yi shekaru ina wannan aiki, ban taɓa ganin mutum ɗaya da wake, da shanu, da siminti, da shinkafa, da kayan babur ba. A takarda, duk Arewa babu ɗan kasuwa kamarka. Shi ya sa na ce sai na zo da kaina. Duk abin da aka bayyana da sunanka, naka ne?"

Nan ne Allah ya ba shi ƙofar fita, a buɗe, har da tabarma. Amma ga rumfa cike, ga mai shayi da mai faci sun bar sana'a sun zo, ga Zakariya na saurare, ga maroƙi ya riga ya cafe maganar yana juya ta: duk Arewa babu kamarka! Wane ɗan Adam ne zai ji wannan ya tsaya gyara? Mushe ya gyara zaman kwat, ya yi 'yar dariyar masu abin hannu.

"Madam, mu ba mu saba faɗa ba. Amma tunda kin tambaya, abin da kika gani a takarda kaɗan ne."

"Kaɗan ne," in ji Madam, ta rubuta.

Sannan ta buɗe fayil. Ta ce bara ya bayyana cinikin da bai kai na mai ƙosai ba, bana kuma ya wayi gari da garke da sito. Don haka akwai harajin bana, akwai binciken shekarun baya, akwai tara a kan abin da ya ɓoye, tunda da bakinsa ya ce akwai saura. Ta faɗi adadin a hankali, yadda na bayan rumfa ma zai ji.

Maroƙi ya sauke hannunsa. Wani da ya kai kilishi baki ya fasa taunawa. In ganga ta cika zaƙi, dama ta kusa fashewa.

Hajiya Hasiya ce ta fara magana.

"Ɗiyata, in waken ga nashi ne, to ni mi gare ni can wurinku?"

Zakariya ya duba, ya sake dubawa, ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, babu komi da sunanki. Asusunki a ruhe shi ke. Da an zo tun farko, da nan take mun buɗe shi."

"Shaidar hwa? Gobe aka ruhe amsar takardun kantin."

Madam ta cire tabarau. Ta ce za a gyara, za a kuma duba maganar tarar jinkiri tunda ga yadda abin ya faru, amma shaida ba ta fitowa a kwana ɗaya. Hajiya ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta zauna tana kallon tafin hannunta, tana tuna matan Dumega da za ta koma ta tarar. Kwangilar dai wani ɗan Doso ya tafi da ita, waken kuma daga baya tiya-tiya aka sayar da shi a kasuwa, ana tsere da ƙwari.

Mushe kuwa gumin da ya saba bin wuya yau ta goshi ya ɓullo. Ya sassauta karabat, abin da ba a taɓa gani ba. Faransancin ya gudu ya bar shi da Hausar da aka haife shi da ita.

"Madam, don girman Allah, ki tsaya. Wallahi ko akuya ba ni da ita. Kayan mutane ne na tara. Ni ba kowa ba ne."

"Yanzun nan ka ce kaɗan na gani, gaban jama'a."

"Zance ne, Madam. Zancen baki."

"To ni an ba ni magana biyu daga baki ɗaya. In kana son a sauke maka, sai masu kaya su karɓi kayansu, sannan a samu shaidu su tabbatar ba ka da komai. Akwai mai shaida a nan?"

Tun da aka kafa Dogon Dutsi ba a taɓa ganin haɗin kai irin na ranar ba. 'Yan Izala da 'yan ɗariƙa, 'yan gari da baƙi, masu shiri da masu gaba, hannu ya tashi kamar gero a damina mai albarka. Sai da Zakariya ya sa aka yi layi.

Hajiya aka ba gaba, don girma. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Rubuta, ɗiyata. Na san shi tun ran suna. Ba shi da gona, ba shi da sito, ba shi da ko kaza. Jarin da ya buɗe wurin ga, uwarshi ta sai da tumakinta. Ni na kai su kasuwa."

Ɗantala ya karɓi shanunsa, ya roƙi a rubuta masa a fili cewa guda ta mutu, duka gida biyun. Alhaji Shu'aibu ya ce teburin nasa ne, aro ya bayar. Mai shagon ya ce shi ba zai yi maganar haya ba tunda ga baƙi, amma a rubuta cewa bai yi maganar ba. Wani malamin lekol ya ce ordinatar ta ƙanensa ce da ke karatu a Yamai. Tela ya ce kwat ɗin wani ango ne ya kawo gyara bai dawo ba. Mai shayi ya fara nasa bayani, Madam ta ce takarda ta kusa cika, ya taƙaita.

Mushe yana tsaye yana ji ana cetonsa. Kowace shaida na rage masa miliyan, tana kuma rage masa tsawo. Ya daure wa tebur, ya daure wa ordinatar. Da aka zo kan kwat sai jinin girma ya motsa. A yi wa mutum adalci mana, ko a tsiya akwai daraja. Ya ɗaga yatsa, ya turo ƙafa ɗaya gaba, baƙin takalmi na sheƙi a rana.

"Madam, kar kuma a wuce gona da iri. A rubuta cewa takalmin nan, normalma, nawa ne."

Madam ta ɗaga alƙalami za ta rubuta. Daga can ƙarshen layi, Ado mai sayar da takalma ya yi gyaran murya.